Digiri a Ilmin Halayyar Ɗan Adam: Da Wane Mudu Za a Auna Shi?

A cikin dogon hutun da ya wuce, wani dattijo daga cikin iyayen yaranmu ya tsare mu a ƙofar masallaci bayan sallar la'asar, ya ce yana da magana. 'Yarsa, wadda muka koyar tun tana aji uku na firamare, ta gama karatun shekara uku a jami'a, ta dawo gida da takardar lisans a fannin da ake kira saikoloji, wato ilmin halayyar ɗan Adam. To, akwai wani ɗan ƙanensa da shan tramol ya lalata, ba ya barci, ba ya zama wuri guda. Dattijon nan ya sa aka kawo yaron, ya ce wa 'yar ta duba shi, tun da abin da ta karanto ke nan. Ita kuwa ta zauna da yaron, ta saurare shi har tsawon lokaci, sa'an nan ta fito ta gaya wa mahaifinta cewa ba ta da ikon yi masa magani, sai dai a kai shi asibiti wajen likitan ƙwaƙwalwa. Abin da ya ɓata masa rai ke nan. Ya ce, "Malam, shekara uku ina biyan kuɗin makaranta da na haya da na abinci. Wanda ya koyi ɗinki yana ɗinka riga, wanda ya koyi kanikanci yana ta da mota. Ita me ta iya?"

Mun ba Alhaji haƙuri, mun ce masa yarinya ta yi daidai, kuma ƙin da ta yi ma yana cikin abin da aka koya mata. Amma tambayarsa ba ta bar mu ba, domin ba shi kaɗai ke yin ta ba. Manyan malaman wannan fanni a ƙasashe da dama sun daɗe suna yi wa kansu ita, har daga baya suka haɗu don su ba da amsa guda. Labarin wannan haɗuwa muke so mu kawo wa masu karatu a wannan wata, saboda yaranmu da ke shiga wannan fanni a Yawunde da Duwala da Buea suna ƙaruwa, iyaye kuwa yawancinsu ba su san abin da suke saye da kuɗinsu ba.

Da farko sai mu raba abubuwa biyu da jama'a ke haɗawa. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne cikakke, wanda ya gama makarantar likitanci sa'an nan ya ƙware a kan cututtukan tabin hankali, shi ke rubuta magani, irin waɗanda ake samu a asibitin Jamot na Yawunde. Masanin halayyar ɗan Adam kuwa abin da yake nazari shi ne yadda mutum ke tunani, da yadda yake koyo, da mantuwa, da fushi, da tsoro, da yadda yaro ke girma, da yadda jama'a ke zama da juna. Daga cikin masu wannan ilmi akwai waɗanda ke ci gaba da karatu har su sami izinin duba masu damuwa ta hanyar tattaunawa da gwaje-gwaje, amma digirin farko bai isa a ba mutum wannan izini ba a yawancin ƙasashe. A Faransa doka ta shekarar 1985 ta hana kowa kiran kansa da sunan wannan sana'a sai ya haɗa lisans da masta. Takardar shaida ta ƙasashen Turai da ake kira EuroPsy tana neman karatun shekara 5, da kuma shekara guda ta aiki a ƙarƙashin kulawar wani gogagge. Ke nan mai digirin farko yana tsakiyar hanya ne, kuma mafi yawan masu wannan digiri a duniya nan suke tsayawa, su kama aikin koyarwa, ko kula da ma'aikata a kamfani, ko aikin agaji, ko kasuwanci.

To su waɗannan da suka tsaya a tsakiyar hanya, me ya kamata a ce sun iya? A nan ne aka daɗe ba a da mudu guda. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwanni biyu ya san mudun wani gari ba shi ne na wani ba, ko da sunan ɗaya ne. Mu a nan Kamaru abin ya fi fitowa fili, domin tsarin karatu biyu gare mu a ƙasa guda, na Faransanci da na Ingilishi, wannan ya zo da takardar Bak, wancan ya zo da ta GCE, littattafan da malamansu suka karanta ma ba ɗaya ba ne. Gaskiya ne cewa tun daga shekarar karatu ta 2007 zuwa 2008 jami'o'inmu suka shiga tsarin LMD, wato lisans, masta da dokta, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar da ministocin ilmi na Turai suka sa wa hannu a birnin Bolonya na Italiya a 1999. Sai dai abin da wannan tsari ya daidaita shi ne yawan shekaru da lissafin awoyin karatu. Bai ce ga abin da ɗalibi zai iya yi da hannunsa da bakinsa ranar da ya fito ba. Yaro zai iya ƙetarawa Yola ko Maiduguri ko Injamena ya yi digiri mai suna iri ɗaya, ya dawo da kaya daban.

Su masu sana'ar sun riga sun warware nasu. A shekarar 2016 manyan ƙungiyoyin duniya guda biyu na wannan fanni suka amince da wata sanarwa da ta fayyace ƙwarewar da ake nema ga cikakken ma'aikaci mai lasisi. Wasu ƙasashe kuma suna da nasu ma'auni na digirin farko, kamar Amurka, inda ƙungiyar masanan ƙasar ta fitar da bugu na uku na jagorarta a 2023. Amma ma'aunin da aka yi don Amurka na Amurka ne. Saboda haka a shekarar 2022 wasu malaman jami'a suka kafa wani haɗin gwiwa da ake taƙaita sunansa da ICUPO, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Susan Nolan ta jami'ar Seton Hall a Amurka da Jacquelyn Cranney ta jami'ar New South Wales a birnin Sidni na Ostireliya. Sun kafa ƙaramin kwamiti na masu rubutu, da kuma babban zauren masu ba da shawara, gaba ɗaya sama da mutum 100 daga ƙasashe fiye da 40. Ana rubuta daftari, a aika wa kowa, a karɓi suka, a gyara, a sake aikawa, yawanci ta intanet, har aka sami abin da suka kira tsarin ICUP.

Abin da ya sa muka ƙara kasa kunne shi ne akwai 'yar ƙasarmu a cikin kwamitin, Farfesa Therese Tchombe ta jami'ar Buea, wadda ta shafe shekaru tana horar da malamai da kuma bincike a kan karatun yara masu buƙata ta musamman. Akwai kuma Waikaremoana Waitoki, 'yar ƙabilar Maori ta ƙasar Niyu Zilan, mutanen da suka san abin da ake nufi da zama 'yan tsiraru a ƙasa. Sauran sun fito daga wurare irin su Barazil, Indiya, Sin, Japan, Filifin, Jamus da Romaniya.

Abin da suka fitar jimloli 24 ne, kowace tana faɗin abu guda da mai digirin farko ya kamata ya iya, an kasa su gida bakwai. Gida biyu su ne ginshiƙai: sanin ilmin kansa, da sanin hanyoyin bincike. Sauran biyar ɗin su ne ɗa'a da amanar aiki, da mutunta al'adu da bambancin mutane, da zurfin tunani wajen warware matsala, da iya magana da mu'amala, sai kuma gina kai don rayuwa da aiki. Wanda ya dubi jerin nan zai ga cewa biyar daga cikin bakwai ba a hadda ake samunsu ba. Mu da muka fito kwalejin horon malamai mun san yadda aka koya mana wannan darasi: malami ya karanto, mu rubuta, karen Pavlov yana dalalar da miyau, ɓerayen Skinner suna danna ƙarfe, matakan girman yaro guda huɗu na Piaget, mu haddace, mu zuba a takardar jarrabawa, mu manta. Sabon tsarin nan tambayarsa daban ce. Ba ya tambayar ko ka san matakan Piaget, yana tambayar ko za ka iya zama da yaron da ya kasa karatu ka gano inda matsalar take, kuma ka bayyana wa uwarsa da harshen da za ta gane.

Batun hanyoyin bincike kada mai karatu ya ɗauka na masu farar riga ne kaɗai. Ma'anarsa ita ce in aka ce maka kashi kaza na matasan unguwa suna shaye-shaye, ka san tambayar da za ka yi: wa ya ƙirga, mutum nawa ya tambaya, a ina ya same su, da wane harshe. A zamanin da kowa ke tura wa kowa labari ta WhatsApp, unguwar da ke da mutum biyu ko uku masu wannan tarbiyya ta yi sa'a.

Gidan ɗa'a da amana kuwa shi ne amsar Alhaji. Tun a 2008 a birnin Balin aka amince da wata sanarwa ta duniya a kan ɗa'ar masu wannan ilmi, kuma ɗaya daga cikin ginshiƙanta huɗu shi ne kula da mutane bisa ƙwarewa, wato kada ka sa hannu a abin da ya fi ƙarfin saninka. Yarinyar da ta ce a kai ɗan'uwanta asibiti ta san iyakarta, ta kuma riƙe sirrin abin da ya gaya mata, ko mahaifinta ba ta faɗa wa ba. Mun sha ganin akasin haka: mutum ya yi kwas na mako biyu, ya buga kati, ya fara karɓar kuɗin masu damuwa.

Inda muke so mu daɗe shi ne gidan al'adu, domin nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. A shekarar 2008 wani masani Ba'amurke mai suna Jeffrey Arnett ya bi manyan mujallun wannan fanni ya duba su wa ake yin binciken a kansu. Ya tarar kashi 68 cikin 100 Amurkawa ne. Da wasu masana uku na Kanada suka sake duba lissafin a 2010, sai suka nuna cewa kashi 96 cikin 100 na waɗanda aka gwada sun fito ne daga ƙasashen Yamma masu masana'antu, alhali waɗannan ƙasashe kashi 12 ne kawai na mutanen duniya. Wato sauran duniya duka, da mu a ciki, kashi 4 muka samu, amma sakamakon ana rubuta shi a littafi da sunan halin ɗan Adam, a kawo mana mu haddace. Shi kansa Piaget yawancin abin da ya faɗa game da jarirai daga 'ya'yansa uku ya gano shi a ƙasar Suwizalan.

Ga misali daga cikin gida. Akwai wani sanannen gwaji da Walter Mischel ya fara a jami'ar Stanford a ƙarshen shekarun 1960: a ajiye wa ƙaramin yaro alewa guda, a ce in ya jira har babba ya dawo za a ba shi biyu. A 2017 aka buga sakamakon wani bincike da masana daga jami'ar Osnabrück ta Jamus suka yi, inda suka gwada yara 'yan shekara 4 na Jamus da kuma 'ya'yan manoman Nso na yankin Kumbo a Arewa maso Yamma. Yaran Nso fanke aka ajiye musu. Kusan kashi 70 cikin 100 nasu sun jira minti 10 ɗin cif, yayin da na Jamus ba su kai kashi 30 ba. Wasu daga cikin yaran Nso ma barci ya kwashe su suna zaune. Duk uwar da ke unguwanninmu ba za ta yi mamaki ba, tun da da haka ake renon yaro a nan, amma littafin da ya dogara ga yaran Turai kaɗai da bai taɓa sanin haka ba. Marigayi Farfesa Bame Nsamenang, ɗan Nso ɗin ne shi ma, wanda ya koyar a Bambili kuma ya rasu a 2018, tun a littafinsa na 1992 yake jayayya cewa girman yaron Afirka ba a gane shi sai an dubi aiken da ake yi masa, da goyon ƙanne, da ɗaukar nauyi tun yana ƙarami. Shi da Farfesa Tchombe sun haɗa wani littafi a 2011 don masu horar da malamai a kan hanyoyin tarbiyya na Afirka.

Mu Hausawa namu misalan sun fi haka yawa. A ce an turo ma'aikaciyar da ba ta san mu ba ta duba dangantakar uwa da ɗanta na fari. Za ta ga uwar ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, kaka ko gwaggo ce ke ɗauke da shi. In da littafi kaɗai ta zo, za ta rubuta cewa uwar nan ba ta son ɗanta, alhali kunyar ɗan fari ce, abin da kowane yaro a cikinmu ya sani. Haka yaron da ya sunkuyar da kai a gaban babba, mu ladabi muke gani, wata takardar gwajin kuwa za ta lissafa shi cikin masu tsoro ko masu ɓoye wani abu. Wani bincike da aka buga a 1977, wanda Robert LeVine yana cikin masu yin sa, ya nuna jariran Hausawa a Nijeriya suna shaƙuwa da mutum fiye da ɗaya a cikin gida, saboda hannuwan da ke renonsu suna da yawa. Sai kuma harshe: damuwa daban, baƙin ciki daban, ɓacin rai daban, firgita daban, kuma mace za ta iya zuwa ta ce ƙirjinta ke mata nauyi ko kanta ke zafi, alhali abin da ke cin ta ba a jiki yake ba. Wanda ya ji wannan ta bakin tafinta rabin maganar ya ji.

Ta fuskar addini ma ba yau aka fara ƙorafin ba. Farfesa Malik Badri na Sudan, wanda ya rasu a 2021, ya rubuta ɗan littafi a 1979 a kan tsaka mai wuyar da Musulmi masu wannan ilmi ke shiga in sun kwafi ra'ayoyin Turai ba tare da tacewa ba. Shi ne kuma ya fassara zuwa Ingilishi sashen littafin Abu Zaid al-Balkhi, malamin ƙarni na 9 zuwa na 10, wanda ya yi bayanin tsoro da fushi da baƙin ciki da waswasi da hanyoyin magance su, kusan shekara dubu kafin Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajinsa a Leipzig a 1879. Muna kawo wannan ne saboda iyayen da ke jin cewa fannin nan na masu raba yaro da addininsa ne.

To sabon tsarin ya sa mutunta al'adu ya zama gida guda cikakke daga cikin bakwai, kuma yana neman ɗalibi ya fara da duban kansa, ya san irin tabaran da ya sa kafin ya dubi wani. Wannan ci gaba ne, mun yaba. Amma muna da abin cewa. Na farko, ba doka ba ce. Babu jami'ar da aka tilasta wa bin sa, shawara ce da kowace ƙasa za ta ɗauka ta daidaita da halinta, ko ta bar ta a kan takarda. Na biyu, da Ingilishi aka yi muhawarar, kuma mutum ɗaya ko biyu daga nahiya mai harsuna sama da dubu ba za su iya faɗin komai ba, komai ƙwazonsu. Na uku, kuma shi ya fi damun mu a matsayinmu na malamai: iya mu'amala da zurfin tunani ba a koyar da su a zauren da ɗaruruwan ɗalibai ke cunkushe, malami guda yana magana da lasifika. Ana bukatar ƙananan rukunoni, da fita aikin gwaji a makarantu da asibitoci, da malamin da zai karanta abin da kowa ya rubuta. Sefa 50,000 da ɗalibi ke biya a shekara a jami'o'in gwamnati tun 1993 ba za ta sayi wannan ba, sai hukuma ta sa nata.

Duk da haka amfaninsa gare mu a fili yake, domin aikin yana nan yana jira. Sansanin Minawao da ke kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013, ya karɓi dubun dubatar mutanen da rikicin Boko Haram ya koro daga Nijeriya, da yawansu suna jin Hausa ko da ba ita ce harshensu na gida ba. A Gabas da Adamawa akwai waɗanda suka gudo daga Afirka ta Tsakiya. Rikicin yankunan Ingilishi da ya fara a 2016 ya watsa iyalai, har da namu na Bamenda da kewaye, kuma 'ya'yansu suna zaune a azuzuwanmu, wasu in ƙofa ta buga da ƙarfi sai su shige ƙarƙashin benci. Ƙungiyoyin agaji suna ɗaukar masu digirin farko don su saurari irin waɗannan mutane, su tafiyar da wuraren wasan yara, su gane wanda ciwonsa ya yi tsanani su miƙa shi gaba. Yaronmu da ya haɗa Hausa da Fulatanci da Faransanci, in har an horar da shi sosai, yana da abin da baƙon masani ba shi da shi. In kuwa hadda kawai ya yi, zai iya yin ɓarna da kyakkyawar niyya.

Saboda haka uban da ɗansa ko 'yarsa ke son shiga wannan fanni yana da tambayoyin da zai yi kafin ya kwance bakin jaka, ko da shi bai yi boko ba. Shin ana fita aikin gwaji, kuma wata nawa? Ɗalibi yana yin bincike nasa na kansa kafin ya gama? Akwai darasi a kan ɗa'ar aiki da riƙon sirri? A cikin littattafan da ake karantawa akwai na 'yan Afirka? In yaro yana son ya zama mai duba marasa lafiya, akwai masta a wurin, ko sai ya tafi wani gari? Wannan ta ƙarshe ita ce ta kuɗi, gara a san ta tun shekarar farko, kada a zo ƙarshe a ce ba a faɗa ba.

Alhaji dai ya kai ɗan ƙanensa asibiti, 'yar ce ma ta raka su, ta yi wa likita bayani da Faransanci, ta juyo ta yi wa uwar yaron da Hausa. Da muka sake haɗuwa ya ce mana yanzu maganar masta take yi masa, shekara biyu kuma, ya ce sai ya ga yadda kasuwar goro ta kasance bana.